Ƙarin Albashi: Daga Aljihun Wa?

Wannan wata ba zan yi zancen tarbiyyar yara ba kamar yadda na saba, gama akwai abin da ya same ni kwanan baya, har yanzu kuwa yana cina a zuciya.

Mu malaman makarantar ekklisiya a nan Gayam mun rubuta wa kwamitin makaranta takarda, muna roƙo a ƙara mana albashi. Ni na rubuta ta, da yake ni ne babba a cikinmu. Na kawo hujja. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta tsai da Naira 70,000 a kan mafi ƙanƙantar albashi, daga baya gwamnatin Jihar Kaduna ta ce nata 72,000 ne. Mu kuwa ba wanda ya kai can, har ni da nake da difloma da shekara wajen 20 a bakin allo. Dokar ma ba ta kama mu ba, gama ta ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Aka zauna bayan sujada, aka karanta takardar. Sai wani dattijo, manomi, mai jikoki huɗu a makarantar, ya dube ni ya ce, "Malam, duk abin da ka rubuta gaskiya ne. Amma gaya mini, ƙarin nan daga aljihun wa zai fito?" Ya ce shekaru da dama bai iya zuwa gonarsa ta nesa ba saboda 'yan bindiga, sai bayan sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya koma. Da ya noma masara a 2025 kuma, farashinta ya faɗi, har sai da ya sayar da buhu biyu kafin ya haɗa kuɗin buhun taki ɗaya. Na ce, "Baba, na ji." Ban sami wata magana bayan wannan ba.

Da na koma gida sai na tuna da mahaifina da labarin Udoji. Yaran yanzu ba su san sunan nan ba. Jerome Udoji shi ne ya shugabanci hukumar da Janar Gowon ya kafa a 1972 don ta duba aikin gwamnati. Da aka karɓi shawararta a ƙarshen 1974, albashin ƙaramin ma'aikaci ya tashi daga Naira 312 zuwa 720 a shekara, aka kuma biya ariyas tun daga watan Afrilu. Mahaifina masinja ne a lokacin. Yakan ce bai taɓa riƙe kuɗi irin na ranar ba. Ya sayi keke da rediyo, ya yi wa mahaifiyata turmin atamfa. Amma kafin damina ta faɗi, mai gishiri da mai kananzir da mai gidan haya duk sun ce su ma sai sun ci nasu Udoji. A shekarar 1975 tsadar kaya ta hau da wajen kashi 34 cikin ɗari. Shi dai ya tsira da kekensa. Ƙannensa da ke noma a ƙauye kuwa ba su ga ariyas ba, tsadar kaɗai ta iske su. Kuma a lura, wannan ya faru ne sa'ad da kuɗin man fetur ke kwarara kamar ruwan Agusta.

Da kuɗin suka janye fa? A watan Mayu 1981 ƙungiyar ƙwadago a ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta yi yajin aiki na ƙasa duka. Ta nemi Naira 300 a wata, aka daidaita a kan 125. Ba a yi shekara guda ba farashin mai ya faɗi, a watan Afrilu 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Kafin ƙarshen 1983 malaman firamare a jihohi da yawa suna bin bashin albashin watanni. Ƙarin yana nan a takarda, tukunya kuwa ba komai. Duk da haka Naira 125 ɗin nan ta kai kimanin dalar Amurka 200 a lokacin. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu. Wanda ya ce ma'aikacin yau ya cika zari, bai yi wannan lissafi ba.

Kada wani ya ɗauka ina zagin yajin aiki ne. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tsadar kaya a tsakiyar 2024 ta kai kashi 34 cikin ɗari, daidai da ta zamanin mahaifina. Malamin gwamnati da ke karɓar Naira 30,000 a lokacin, watau abin da aka tsayar tun 2019, me zai ci? Da ƙungiyar ƙwadago ta fara da neman 615,000, na ce a raina wannan ciniki ne irin na kara, inda mai saniya kan fara da sama. Gwamnati ta taya 48,000. Ranar 3 ga Yuni 2024 ma'aikata suka kashe wutar lantarki ta ƙasa duka, suka rufe filayen jirgin sama. Mu a nan ba mu ji ɗauke wutar ba, gama sai wanda yake da abu shi ke rasa shi.

Amsar masu mulki kowane lokaci ɗaya ce: ba kuɗi, a yi haƙuri. Wani lokaci kuwa akwai gaskiya a ciki. A 2021, da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sallami ma'aikata har ƙungiyar ƙwadago ta tsai da Kaduna cik a watan Mayu, hujjarta ita ce ma'aikata 'yan kaɗan ne cikin jama'ar jiha, amma albashinsu na cinye mafi yawan abin da ke zuwa daga Abuja. Tambayar dattijon nan ke nan da manyan tufafi. Ban ji daɗin korar ba, amma tambayar ba ta banza ba ce. Kowace Naira da ta tafi albashi, ba ta tafi maganin asibiti ko gyaran gada ba.

To, amma wa ke faɗin "ba kuɗi"? A nan ne abin ke ɓata mini rai. A watan Maris 2018 Sanata Shehu Sani, wanda a lokacin shi ke wakiltar mazaɓarmu ta Kaduna ta Tsakiya, ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar Naira miliyan 13 da rabi a wata da sunan kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. Mafi ƙanƙantar albashi a lokacin 18,000 ne. Na ba 'yan aji shida wannan a darasin rabawa, ban gaya musu ko kuɗin wane ne ba. Amsa: 750. Watau abin mutum ɗaya ya biya leburori 750. A watan Agusta 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ke zuwa masa a wata ya kai miliyan 21. A raba da 70,000, a sami 300. Hukumar da ke tsara albashin masu muƙami ta ce ita dai abin da ta yanka wa sanata ya ɗara miliyan 1 da kaɗan. Sauran fa, wa ya yanka? Su da kansu.

Har wa yau, a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan an ce mu jure, aka sayo wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, jaridu suka ce kowace ta kai wajen Naira miliyan 160. Mai albashin 70,000, in bai ci bai sha ba, sai ya yi shekara 190 kafin ya tara kuɗin guda ɗaya. Da aka yi surutu, wani daga cikinsu ya ce ai hanyoyin ƙasar ne ba su da kyau, dole sai mota mai ƙarfi. Kai! Mu da muka sha bin hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna a bayan a-kori-kura mun san hanya ba ta da kyau. Mun dai zaci gyaranta aka aike su.

Don a yi adalci, a watan Yuli 2024 Majalisar Wakilai ta yanke shawarar ba da rabin albashinta na wata shida saboda yunwar da ake ciki. Madalla. Amma albashin shi ne ƙaramin ƙunshi. Babban ƙunshin, watau alawus, ba a kwance shi ba.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna da Nehemiya a sura ta 5. An yi yunwa, mutane suna jinginar da gonakinsu don su sayi hatsi su biya haraji. Shi ne gwamna, yana da izinin karɓar abincin da akan ba gwamna, waɗanda suka riga shi sun karɓa. Shekara 12 bai karɓa ba, saboda nauyin ya yi wa jama'a yawa. Shi ya sa da ya tara manya ya ce su mayar wa talakawa gonakinsu, ba wanda ya iya ɗaga kai. Ina ganin ma'aikacin Nijeriya zai iya jure ƙaramin ƙari, ya ma sha jurewa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne wa'azin azumi daga bakin mai maiƙo. In da masu yanka wa kansu rabo sun fara rage nasu a fili, da ba a kai ga kashe wuta ba. Da yake ba su yi ba, likita ya dubi ɗan majalisa ya tafi yaji, malamin jami'a ya dubi likita, kowa na jan bargon zuwa gefensa. Wanda ba shi da ƙungiya, watau manomi da gwauruwa mai tuyar ƙosai da irinmu, shi ke kwana a sanyi.

Kwamitinmu ya sake zama bayan mako biyu. Ma'aji ya karanta littafin kuɗi da ƙarfi a gaban kowa, abin da ba a taɓa yi ba. Na ji da kunnena cewa iyaye da yawa ba su gama biyan kuɗin zangon da ya wuce ba. Fasto ya ce a bar zancen sake rufin gidansa sai baɗi, zai ci gaba da tara kwano in ana ruwa. Aka ƙara mana abin da bai kai rabin abin da muka roƙa ba, aka kuma ce kowane gida zai kawo wa malamai mudu biyar na hatsi da kaka. Dattijon nan shi ya fara cewa ya yarda. Na karɓa, na gode.

Ƙaraminmu kuwa, saurayi mai kai a lissafi, wanda yake shirin aure, bai ce komai ba a wurin taron. Ran Litinin ya kawo mini rajista da alli, ya ce, "Malam, a yafe mini." Ya tafi wurin masu haƙar zinariya. Tun daga ranar aji huɗu da aji biyar suna ɗaki ɗaya, ni ke koya musu, rabin allo na waɗannan, rabi na waɗancan.