SHARHI: Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa A Bakin Tafkin Kainji

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga suke zaune a bakin ɗaya daga cikin manyan tafkunan ƙasar nan. Fiye da mutum dubu arba'in aka tayar daga gidajensu saboda wannan aiki, cikinsu har da Gungawa waɗanda tsibiransu suka nutse. Amma har yau a ƙauyuka da yawa na wannan yanki na Jihar Kebbi, mata da yara suna ɗiban ruwan sha a inda ake wanki da shayar da shanu. Sakamakonsa ba ɓoyayye ba ne: tsargiya ga yara, da amai da gudawa, kamar annobar kwalara da ta taɓa jihar a 2021.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI, aka haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara. A 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta. To, ina gizo yake saƙa? A ganinmu, ana shirya bikin buɗe famfo, amma ba a shirya ranar da zai lalace. Roba ɗaya ta cinye a cikin tuƙa-tuƙa, ba makaniki, ba kayan gyara, ba asusu, sai jama'a su koma tafki, famfon kuma ya zama turken ɗaure akuya.

Don haka muna kira ga hukumar ruwan karkara ta jiha da ƙananan hukumomin nan uku su tsaya a kan abubuwa huɗu.

Na ɗaya, a ƙidaya rijiyoyin da ke ƙasa, a san masu aiki da matattu. Gyaran tsohuwa ya fi haƙa sabuwa araha.

Na biyu, a auna ƙasa kafin a haƙa. Yawancin ƙasar Yawuri dutse ne a ƙarƙashinta, ruwa kuwa a tsagar dutsen yake taruwa. Rijiyar da aka sa a ƙofar gidan wani babba don a faranta masa, ba inda masana suka nuna ba, ita ce take ƙafewa da bazara.

Na uku, a zaɓi famfo iri ɗaya wanda ɗan ƙauye zai iya kwancewa, a horar da makanikai, a kuma tabbatar ana samun kayan gyaransa a kasuwannin Yelwa da Wara. Injin mai aiki da hasken rana yana da kyau, amma sai an san wanda zai tsare shi da wanda zai duba shi.

Na huɗu, a ware kuɗin gyara da gwajin ruwa a kasafin kowace shekara. Abin da ya fi ƙarfin ƙauye, kamar rushewar rijiya, nauyin hukuma ne.

Mu ma, 'yan'uwa, muna da namu rabon. Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ɗora wa jama'ar ƙauye kashi 5 cikin ɗari na kuɗin haƙawa, amma mafi yawan kuɗin gyara a wuyansu yake. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowace unguwa ta kafa kwamitin ruwa, kowane gida ya riƙa ba da ɗan abu duk wata, ko mudun hatsi da kaka, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a gaban kowa. A sa mata a ciki, har da riƙon kuɗi, gama su ne suke ɗaukar tulu. Taron ruwa na duniya da aka yi a Dublin a 1992 ya jaddada wannan, zumuntar matan ikilisiyoyinmu kuwa ta daɗe da nuna cewa ta iya riƙon amana. Rijiya ba ta tambayar addini ko ƙabila, saboda haka a zauna da maƙwabta Musulmi, da Fulani makiyaya, da masunta, ƙarƙashin dagaci, a yanke lokacin ɗiba da wurin shayar da dabbobi.

Kada kowa ya ce abin ba zai yiwu ba. A 1988 mutum fiye da dubu ɗari shida ne kurkunu ya kama a Nijeriya. Da tace ruwa, da rijiyoyi, da 'yan sa-kai na ƙauyuka, aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2013. Kula ta kullum ce ta kai mu can. Ita muke roƙo a ba famfunan bakin Kainji, kafin bazara ta sake kewayowa.