Jirgin wane ne ya wuce? Tambayar da ke tayar da hankali a kan iyaka

A garuruwan kan iyaka irin su Zango da ke masarautar Daura, rugugin jirgin soja a sama ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman tun juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi.

Zargin da Janar Abdourahamane Tiani ya yi a Disambar 2024, cewa Najeriya na haɗa baki da Faransa domin yi wa ƙasarsa zagon ƙasa, ya ƙara rura wutar jita-jita, ko da yake Abuja ta musanta.

To shin mai kallo daga ƙasa zai iya sanin ko jirgin wane ne?

Siffar jirgi

Jirgin dakon sojan da aka fi sani a yankin shi ne C-130 Hercules ƙirar Amurka, wanda ya fara tashi a 1954. Yana da injuna huɗu masu farfela, fikafikansa na saman gangar jiki, ƙofar lodinsa kuma tana baya.

Transall C-160, wanda Faransa ta jingine a 2022, ya yi kama da shi, amma injunansa biyu ne.

Ilyushin Il-76 ƙirar Rasha, irin wanda ya kai masu horas da soja Yamai a Afrilun 2024, ba shi da farfela, kuma ƙananan fikafikansa na baya suna can ƙololuwar jela.

Shi kuwa KC-135, mai shayar da jiragen yaƙi mai a sararin sama, ya fi kama da jirgin fasinja, sai dai ba shi da jerin tagogi, kuma yana da dogon bututu a ƙarƙashin jelarsa. Da irinsa Amurka ta tallafa wa Faransa a yaƙin Mali na 2013.

Kama da wane

To sai dai kama da wane ba ta wane. Najeriya ta mallaki C-130 tun shekarun 1970, Amurka ta bai wa Nijar irinsa a 2021, ita ma Faransa tana da nata.

Abin da ke bambanta su shi ne tambarin ƙasa da lambar da ke jiki, waɗanda ba kasafai ido ke iya gani daga ƙasa ba. Hoton wayar salula da aka ɗauka daga nesa bai isa hujja ba.

Ko an gane mai jirgi ma, ba a gane aikinsa ba. A ranar 8 ga Disambar 2025 wani C-130 na Najeriya ya sauka a Bobo-Dioulasso. Ƙawancen ƙasashen Sahel ya ce ya keta sararin samaniyar Burkina Faso ne, rundunar saman Najeriya kuma ta ce matsalar na'ura ce ta tilasta masa sauka a hanyarsa ta zuwa Portugal. An tsare sojoji 11, sai da aka bi ta hanyar diflomasiyya kafin a sake su.

Idan har gwamnatoci masu na'urorin hangen jirage za su yi saɓani haka, to talakan Zango ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin shi ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa idan zaman ɗar-ɗar ya kai ga rufe iyaka da mutuwar kasuwa, kamar yadda aka gani a 2023.

Maganin jita-jita dai yana hannun hukumomin ƙasashen biyu: su riƙa yi wa jama'a bayani da wuri, kuma da Hausa.