Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitocin Gadon Baya Masu Aikin Sa-kai a Botsuwana

Tun da ƙungiyar World Spine Care, wadda Dakta Scott Haldeman ya kafa a 2008, ta fara aiki a Mahalapye da Shoshong, kuke barin ƙasashenku kuna zuwa duba manoma da tsofaffin da ciwon baya ya hana su sunkuyawa, ba don kuɗi ba. Madalla da ku.

Sai dai kun gani da idonku, ba kowane ciwon baya ne tausa da matsa ƙashi ke warkarwa ba. Wani tarin fuka ne ya ci ƙashin, sai an tura mai ciwon babban asibiti.

Kuma baƙo raɓa ne. Don Allah, kafin ku koma gida, ku horar da 'yan ƙasa su gaje ku.