Raddi ga Mai Cewa Kashi 90 na Ƙwaƙwalwa Barci Yake

Malam, ɗalibanka a nan Gure suna ta yawo da maganarka: wai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kaɗai ke aiki, saura ƙwayoyin giliya ne, danƙo mai riƙe jijiyoyi, ajiyar da ba a taɓa ba. Allah ya gafarta Malam, maganar ba ta da tushe.

Lissafin ma bai fita ba. A 2009 Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta a Birazil suka ƙirga: ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, sauran ƙwayoyin kusan biliyan 85. Kunnen doki ke nan.

Batun danƙo kuwa zaton Rudolf Virchow ne tun 1856, lokacin da babu na'urar ganin aikinsu. A 1990 Ann Cornell-Bell da tawagarta a jami'ar Yale suka zuba sinadarin gulutamet, wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi, a kan giliya masu siffar tauraro. Sai kalsiyam ya tashi a cikin ɗaya, ya tsallaka zuwa maƙwabciyarta, ya yi ta bi har nesa. Mai barci yana isar da saƙo?

Ga inda na fi damuwa. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce na nauyin babban mutum, amma tana cin wajen kashi 20 na kuzarinsa. Taurarin nan ƙafafunsu naɗe suke da ƙananan hanyoyin jini, suna jan sukari. Luc Pellerin da Pierre Magistretti sun nuna a Suwizalan a 1994 cewa in jijiyoyi suka ɗau aiki, taurarin kan ƙara cin sukari su fitar da laktet, abincin jijiya. Masana na jayayya har yau kan yawan abin da ake miƙawa, amma babu mai cewa zaune suke.

Ajiyar da kake faɗi tana nan, amma ta sukari ce, a jikin taurarin take, sai dai ɗan ƙaramin rumbu ne da ba ya kai ko'ina. Shi ya sa da damina, in aka kawo yaro daga ƙauyukan Kutus da zazzaɓin cizon sauro, yana fizge-fizge, idanu a kakkafe, ma'aikaciyar jinya ke huda masa yatsa ta auna sukari, in ya yi ƙasa ta ba shi nan take. Ɗalibin da ka koya wa cewa kashi 90 na nan a ajiye, shi zai ce a bari gari ya waye kafin a kai ƙanensa asibiti.