Mu Leƙa Duniya: Masu Girki Cikin Duhu

Duk mai yaro a makaranta ya taɓa jinsa yana haddace wannan darasi da dare: tsire-tsire suna ɗaukar hasken rana, da ruwa, da iskar kabon, watau iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, su haɗa abinci. Mu ma haka aka koya mana, har muka ɗauka in babu rana babu mai iya wannan aiki. Ashe da sauran magana.

Bari mu tafi can arewacin Turai, ƙasar Finlan, inda aka ƙidaya tafkuna wajen 188,000. Da yawa cikinsu ruwansu ja ne kamar shayi, saboda jiƙon ganyaye da na fadama da ke gangarowa ciki, haske kuwa ba ya nisa a irin wannan ruwa. In hunturu ya zo ƙanƙara takan rufe su wata huɗu zuwa bakwai, dusar ƙanƙara kuma ta hau bisa. A ƙarshen arewacin ƙasar rana takan yi wajen kwana 50 ba ta fito ba. To, a ƙarƙashin wannan murfi, cikin duhu, akwai masu ɗaukar iskar kabon suna gina jikinsu da ita. Bakteriya ne, ƙananan halittun nan da ido ba ya gani.

Ina suke samun ƙarfi, tun da babu rana? A gindin tafki ganyaye suna ruɓewa, iskar oksijin takan ƙare. Daga laka sai waɗansu abubuwa su taso: amoniya, da narkakken ƙarfe, da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Daga sama kuwa akwai sauran oksijin. Inda biyun suka gamu, nan bakteriyan suke taruwa. Sukan haɗa na ƙasa da na sama, kamar yadda ƙarfe yake tsatsa, ɗan ƙarfin da ya fito su kama iskar kabon da shi. Itacen girkinsu ke nan. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara gano irin wannan rayuwa tsakanin 1887 da 1890.

Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne labarin kwalba. A 1952 wani masani ɗan Denmak, Steemann Nielsen, ya fito da hanyar auna yawan abincin da ake haɗawa cikin ruwa. Akan cika kwalabe biyu da ruwa, a zuba musu kabon mai alama wanda na'ura take iya bin sawunsa. Ɗaya a bar ta fili haske ya shiga, ɗaya a rufe ta ruf. Bayan 'yan sa'o'i sai a auna. Kwalbar duhu ma takan nuna an ɗauki kabon, amma shekara da shekaru masu awo da yawa suna ɗaukar wannan a kan kuskuren awo ne, su ɗebe shi daga lissafi su yar. Kamar mai awon hatsi ne da yake share abin da ya zube, bai duba ko ya kai mudu ba.

Kada mu zuguiguita abin. A tafki mai garau, da rani, aikin haske ya fi na duhu nesa ba kusa ba. Ba kuma dukan abin da kwalbar duhu ta nuna ne aikin waɗannan masu girki ba, gama bakteriya masu cin ruɓaɓɓen abu su ma sukan tsinci kabon kaɗan. Har wa yau, ganyen da ya ruɓe a laka rana ce ta raine shi, oksijin ɗin ma daga tsire-tsire ya fito. Saboda haka yaronku bai yi kuskure ba, sai dai darasin bai ƙare a nan ba.

Me ya sa masana suka koma kan kwalbar da aka rena? Tafkunan arewa suna fitar da iskar kabon mai yawa zuwa sama, ita ce kuwa babbar mai ɗumama duniya. Wanda yake so ya san nawa ke fita, dole ya san nawa ake kamawa a hanya. Ga shi kuma yawancin awon dā da rani aka yi shi, sa'ad da jirgin ruwa yake iya shiga. Yanzu da hunturu ma sukan taka bisa ƙanƙara, su huda rami, su zura kwalabensu cikin ruwan da bai fi awo 4 na ma'aunin zafi ba.