Ra'ayinmu: Mu Daina Yi Wa Jama'a Kuɗin Goro

Wasan taubasantaka tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san yadda suke zolayar juna, a yi dariya a watse, zumunci ya ƙara danƙo. Sai dai wannan wasa yana da ƙa'ida: tsakanin tsara ake yin sa, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa.

Abin da muke ji yau a ofishin malamai da majalisun hira ya kauce wa wannan ƙa'ida. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi Zamfara da Katsina, wasu suka mayar da kalmar "Bafulatani" tamkar sunan laifi. Haka ake jifan yaron da ya fito daga ƙauye da "bagidaje", ana kiran ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudu da laƙabin da ba zai so ji ba. Idan irin wannan magana ta fito daga bakin malami a gaban aji, ta tashi daga wasa, domin ɗalibi ba shi da ikon ramawa.

Asarar kuwa tamu ce. Tun 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya don jawo 'ya'yan rugage zuwa makaranta. A nan Garki, inda manomi da makiyayi suke cin kasuwa ɗaya, mun san wahalar shawo kan uba ya saki ɗansa daga kiwo. Dariyar rana ɗaya tana iya mayar da yaron daji, aikin shekaru ya rushe. Shirin bautar ƙasa ma, da aka kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, manufarsa ke nan: 'yan ƙasa su san juna.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya da iyalansu da su riƙe abubuwa uku. Na farko, duk wanda ya ce "ai halinsu ne", a tambaye shi cikin ladabi: wa ka gani da idonka? A ɗora laifi a kan wanda ya aikata shi, ba a kan ƙabilarsa ba. Na biyu, idan abokin aiki ya yi suɓutar baki, a ja shi gefe a yi masa nasiha, domin tozarci a bainar jama'a taurin kai yake haifarwa. Na uku, idan ɗalibi ne ya furta, a gyara masa nan take, don wanda aka ci wa fuska ya ga malaminsa ya tsaya masa.

Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Yara sun fi kwaikwayon abin da muke faɗa a hira a kan abin da muke rubutawa a allo. Allah Ya ba mu ikon kiyaye harsunanmu.