Wa zai tsaya wa akawun da ya ƙi sa hannu?

Mai bin hanyar Kano zuwa Gwarzo dole ya ratsa Rimin Gado, garin da Barista Muhuyi Magaji ke amsa sunansa. A watan Yulin 2021 aka dakatar da shi daga shugabancin hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano. An ce ya ƙi karɓar akantan da aka turo masa. Shi kuwa ya ce binciken wasu kwangiloli da suka taɓo iyalan gwamna ne ya jawo masa. Sai 2023, da mulki ya sauya hannu, ya koma kujerarsa.

Mounir Gwarzo ma ya ɗanɗana. A Nuwamban 2017 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta dakatar da shi daga shugabancin hukumar kula da hannayen jari, SEC, bisa zargin almundahana. Shi ya dage cewa laifinsa shi ne ƙin janye binciken kamfanin Oando. A 2019 kotu ta wanke shi daga tuhumar da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta yi masa. Na Sanusi Lamido Sanusi kuwa kowa ya sani: ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba, aka dakatar da shi daga shugabancin Babban Banki a Fabrairun 2014, zuwa watan Yuni yana kan karagar Kano.

Ko an yarda da su ko ba a yarda ba, waɗannan manya ne. Suna da lauya, 'yan jarida na ɗaga wayarsu, kuma rashin albashin shekara biyu ba ya kashe musu murhu.

Ƙaramin akawu a Kabo fa, ko mai ba da magani a wani asibitin karkara da ke Gwarzo? Idan ya ga sunan mamaci a jerin masu karɓar albashi ya ɗaga murya, ba wasiƙar kora za ta zo ba. Da farko maigida zai kira shi ofis, ya tura ƙofa, ya ce, "Malam, ka rufa mana asiri, kai ma kana da iyali." In ya ƙi ji, sai takardar tuhuma kan makarar da kowa ke yi. Daga nan sai canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da kuɗin babur zai cinye rabin albashi, fayil ɗin ƙarin girma kuma ya yi ɓatan dabo. Mafi ciwo, shi da wanda ya tona ɗin suna sahu ɗaya a masallaci, wataƙila ma surukin yayansa ne. Kafin la'asar an kai ƙara gida, dattawa sun ce ya daina zubar wa mutane tuwo a ƙasa.

A Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin kwarmato, da alƙawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Tsari ne na ma'aikatar kuɗi kawai, ba dokar majalisa ba. Yana maganar lada, alhali akawun Kabo kujerarsa yake tsoron rasawa.

Nan ya kamata ɗan majalisar tarayya na mazaɓar Gwarzo da Kabo, da takwarorinsa na majalisar jiha, su sa baki. A yi dokar da za ta hana sauya wa ma'aikaci wurin aiki ko riƙe albashinsa muddin ana binciken ƙorafin da ya kai, a ɓoye sunansa, kuma shugaban da ya hukunta shi a wannan lokaci shi zai kawo hujjar cewa ba ramuwar gayya ba ce.